Ranar da Kanawa suka zo ganin Birni

Aikin koyarwa ya fara kai ni Gaya, can bakin kogin Kwara, inda gada ta haɗa ƙasarmu Nijar da garin Malanbil na Benin. Shekara huɗu na yi a can, kuma a nan ne na fara ganin yadda ake zagayawa da baƙi a nuna musu gari. Akwai wani mai kwalekwale da muka shaƙu da shi. In baƙi suka zo a ƙungiya, sai ya jira la'asar sakaliya ya zuba su a jirgi, ya tura, ya ja bakinsa ya yi gum. Sai gari ya koma baya sannan zai fara nuni da gora, ga inda masunta suke sauka, ga tsibirin da ruwa yake cinyewa in ya kawo. Rabin aikin ruwa ne yake yi masa. Ko bai ce uffan ba, baƙo ya ga faɗin kogi, ya ga faɗuwar rana, zai biya kuɗinsa da farin rai.

Mu a Damagaram, wato Zinder, ba mu da wannan gata. Garinmu dutse ne da ƙishirwa, wanda ya taso a nan ya san jerin jarka a bakin famfo tun kafin ya san baƙi da wasali. Ba inda za ka zuba mutane ka bar gari ya yi magana da kansa. In ka kawo baƙo Birni, tsohuwar unguwar da fadar sarki take, da ƙafa za ku shiga, lungu lungu, kuma duk bangon da za ka nuna masa akwai mai shi a ciki yana jin abin da kake faɗa.

Ban yi wannan tunanin ba ranar da abokina ya bugo mini waya daga Kano. Mahaifiyarsa ƴar unguwar Zango ce ta nan garinmu, shi ya sa yake ɗaukar kansa rabin Badamagare. Ya ce malaman tarihi ne su ashirin da uku, shida mata, suna son su zo a hutun ƙarshen Disamba su kwana biyu, kuma ya riga ya gaya musu yana da mutum. Na ce masa ai ni malamin aji ne, ban taɓa yi wa kowa jagora ba in ban da ɗalibaina. Ya ce, “Haba Mushe, garinku ne fa.” Da wannan ya kashe mini baki.

Abin da na fara yi shi ne na ɗauko littafin marigayi André Salifou na 1971 a kan Damagaram a ƙarni na 19, wanda duk malamin tarihi a garin nan ya taɓa leƙawa, na cika takarda uku da shekaru da sunayen sarakuna. Daga nan na ɗaura agogo na bi hanyar ni kaɗai da safe, tun daga ƙofar fada har inda nake son mu ƙare. Minti hamsin ta ɗauke ni. Na rubuta awa ɗaya da rabi, ina ganin na yi wa baƙi sassauci. Daga baya na gane mutum ashirin da uku ba sa tafiya, kiwo suke yi.

Neman izini shi ya fi cin kwana. Na rubuta takarda zuwa fada da Faransanci, na sa ranar da adadin mutane, amma takarda ita kaɗai ba ta gaisuwa. Sai da na je da ƙafata, da ƙullin goro, na sami wani dogari da muka yi makarantar allo tare da ƙanensa, ya shigar da ni wurin wanda ya dace. Aka tambaye ni su waye, daga ina, me ya kawo su, akwai mata a ciki. Aka gaya mini inda za a cire takalmi, inda za a iya ɗaukar hoto da inda ba a ɗauka, aka kuma ja mini kunne kada in yi musu alkawarin ganin mai martaba, don wannan ba a hannuna yake ba. Na kai jerin sunayensu da lambobin takardunsu wurin hukuma, tun da baƙin wata ƙasa ne, na kama musu ɗakuna, na yi magana da mai abinci. Waɗannan duk zirga-zirga ce kawai ta kabu-kabu.

Dogarin nan ne ya ce kafin in buɗe baki gaban baƙi in je in gaida wani dattijo da ke zaune bayan fada. Na same shi a zaure a kan buzu, idonsa ɗaya ya yi yana. Na durƙusa na gaishe shi, na karanta masa takarduna. Ya saurare ni har na kai ƙarshe, sannan ya ce, “Yaro, shekarun nan naka ne, ni ban san su ba. Amma wane ya haifi wane, wane ya kori wane, wannan zauna ka ji.” Ya jero mini su tun daga Malam, wanda ya kafa gidan, ya zo kan Sulaimanu da ya dawo da sarauta nan Zinder, ya zo kan ƴaƴansa Ibrahim da Tanimu da yadda suka yi ta karɓe gadon daga hannun juna, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Wuri ɗaya ya tsayar da ni. A takardata na rubuta cewa bayan yaƙin Tirmini da aka yi da Faransawa Sarki Amadu Kuran Daga ya gudu. Ya ce, “A aji ka faɗi yadda ka ga dama. A ƙofar gidan jikokinsa ka ce ya fita.” Na ce, “To Baba.” A raina kuwa na ce wannan ai gyaran tarihi ne. Na dai goge na rubuta yadda ya ce.

Ranar Laraba na hau mota na tare su a Takeita. Sun biyo ta Daura, suka ƙetare iyaka a Kongolam, suka ratsa Matamaye, sun yi buɗu-buɗu da ƙurar hunturu. Na zaɓi in tare su a can ne saboda Tirmini tana kan hanya kafin a shigo gari, kuma na fi son su fara ganin filin kafin su ga fada. Muka tsaya a gefen titi, na tara su a inuwar motar. Na ba su labarin yadda wani hafsan Faransa, Kazamaju, ya iso Zinder a 1898 aka kashe shi a watan Mayu tare da tafintansa, da yadda a shekarar da ta biyo baya rundunar Faransawan nan da ta ƙone Birnin Konni ta doso gabas. Shugabanninta biyu, Bule da Shanuwan, sojojinsu ne suka harbe su tun kafin a iso nan, amma ragowar rundunar ta ci gaba, ta haɗu da dawakin Damagaram a wannan wuri a ƙarshen Yuli 1899. Bindigar zamani ta yi aikinta. Sarki ya fita, aka bi shi aka kashe shi a watan Satumba.

Ban rufe baki ba wani mai farin gemu a cikinsu, wanda na lura tun a mota shi ne mai surutun tafiyar, ya ce, “Wato Mushe, shekara huɗu kuka riga mu faɗuwa ke nan. Mu sai 1903.” Aka kwashe da dariya. Na ce masa, “Malam, kafin Nasara ya zo ai dawakinmu sun sha ruwa a Gezawa, zamanin Sarki Alu.” Ya ce, “Sun sha, amma sun shiga badala?” Gaskiyarsa ce, ba su shiga ba. Wata malama ta ce dama Barebari haka suke, kurari a bakin ƙofa. Na ce su kuma Fulani in sun ji ƙarar igwa sai neman bayan saniya. Tun daga nan tafiyar ta yi daɗi, don baƙon da ya tsokane ka ya saki jiki ke nan.

Washegari Alhamis na ce musu ƙarfe bakwai da rabi. Ba mu bar masauki ba sai tara saura, wannan yana neman shayi, wancan yana neman inda zai canza naira. Na yi tanadin ruwan leda buhu uku, na ɗauki yara biyu daga cikin ɗalibaina, ɗaya a gaba tare da ni ɗaya a can baya yana tattaro masu tsayawa. Wannan dabarar ita kaɗai ce na yi daidai tun daga farko.

A ƙofar fada dogarai suka tarbe mu cikin jan kaya da kore. Kanawa ba baƙin fada ba ne, sun san durƙuso, sun san jinjina, ban sha wahalar koya wa kowa komai ba. Aka ratsa da mu zaure bayan zaure. Abin da ya fi jan hankalinsu shi ne kaurin bango da sanyin ciki, da yadda haske yake raguwa kana ƙara shiga, har idonka ya saba da duhu sannan ka fito tsakar gida rana ta mare ka. A nan na yi maganar Tanimu, wanda ya daɗe a kan gado har 1884. Shi ya kewaye Birni da ganuwa, a zamaninsa maƙeran gari suka ƙera igwa, ana haɗa albarushi a nan cikin gida. Damagaram tana kai gaisuwa Kukawa wurin Shehun Barno, amma a ƙarƙashin Tanimu ta yi ƙarfin da gaisuwar ta zama kusan ta ganin dama. Arzikin kuwa daga hanya yake. Ayarin da ya taso daga Tarabulus ya ratso Gadamas da Gat da Abzin, nan yake sauke kaya kafin ya wuce Kano ko Barno.

Da muka fito na kai su ga abin da ya rage na ganuwar. Na ji kunya kaɗan, ba zan ɓoye ba. Guntaye ne nan da can, ruwan sama ya zaizaye su, wani wurin an jingina gida da shi, wani wurin awaki ne ke hawa. Na shirya jawabi a kan girmanta, sai na ga ba amfani. Mai farin gemun nan ya dafa ƙasar ya ce, “Tamu ma haka take komawa.” A nan bai yi tsokana ba.

Lungunan Birni su ne inda lissafin agogona ya rushe. Hanya ce ta mutum biyu, tana karkacewa tana kewaye manyan duwatsu, wani gidan ma dutsen ne bangonsa na baya. Kowace ƙofa sai an tsaya. Akwai wani gida da muka daɗe a gabansa, fuskar zauren duk zane ne da aka tayar da yumɓu, dagi a saman ƙofa, da'irori suna shiga cikin juna, zanko a kowace kusurwa kamar kunnen zomo. In ka matsa kusa za ka ga sawun yatsun maginin a cikin zanen, inda ya danna ya ja. Ɗaya daga cikin malaman, ɗan gidan magina ne a Kano, shi ya karɓe bayanin daga hannuna. Ya nuna musu tubali inda yaɓe ya zube, ya nuna azara a rufin zaure, ya yi bayanin makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa a shafe bango don ruwa ya zame. Na ja gefe na bar shi. Ya fi ni sani nesa ba kusa ba.

A nan ne kuma na yi kuskuren da ya fi damuna. Na nemi izini a fada, na nemi na hukuma, amma ban bi gidajen da za mu tsaya a gabansu na yi sallama tun jiya ba. Ina can ina sauraren maganar makuba, ashe wani saurayi a cikin baƙin ya bi zaure da waya a ɗage, ya leƙa har tsakar gida inda mata suke aiki. Sai ji muka yi murya daga ciki, “Wane ne wannan marar sallama?” Wata tsohuwa ta fito da zane a kafaɗa, ranta a ɓace. Na durƙusa na ce, “Inna, a yi haƙuri, laifina ne, ni na kawo su.” Ta dube ni sama da ƙasa ta tambayi ɗan gidan wa ne ni. Da na faɗa mata, ta ce, “To kai ai ka san gida. Su baƙi ne.” Wannan ta fi mari zafi. Malaman mata suka shiga suka ba da haƙuri, saurayin ya goge hoton a gabanta. Abin mamaki, su matan ba su fito ba sai bayan kusan minti ashirin, an ba su fura, an nuna musu ɗakin da jeren kwanoni yake. Su suka ga cikin gidan Birni, mu maza muna tsaye a rana.

Daga nan muka je gidan da aka sa wa alamar cewa Barth ya sauka, Bajamushen nan da ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim. Ya iso Zinder a ƙarshen Disamba 1852, ya zauna har ƙarshen Janairu 1853 yana jiran guzuri daga arewa kafin ya nufi Katsina da Sakkwato da Tumbutu. Kuɗin da yake jira sun iso masa, azurfa dubu, an ɓoye su cikin akwatin sukari guda biyu don kada a gane a hanya. Wannan labarin sukarin shi suka riƙe, na ji suna maimaita shi har a mota. Shekarun da na yi ta haddacewa kuwa ban ga wanda ya rubuta ko ɗaya ba. Na lura da cewa mu ma a ƙarshen Disamba muke tsaye a wurin, cikin irin ƙurar da ya shaƙa, na faɗa musu, suka gyaɗa kai suka ci gaba da neman inuwa.

Muna tsaye a nan wani ya ɗaga murya ya ce, “Mushe, to ina kasuwar bayin take?” Lungun ya cika da yara da ƴan kallo, ga dattawa biyu a kan dakali. Tambayar tana kan hanya. Wanda ya karanta abin da Richardson ya rubuta, Baturen Ingila da ya zauna a nan a farkon 1851, ya san cinikin bayi yana cikin abin da ya gina arzikin garin nan, tare da fata da gashin jimina. Ba na ɓoye wa ɗalibaina wannan a aji. Amma a cikin lungun nan akwai jikokin wanda ya saya da jikokin wanda aka sayar, suna salla a sahu ɗaya, sun yi auratayya, kowa kuma ya san kowa. Na ce masa, “Malam, riƙe wannan, za mu zo kanta.” A lokacin ne maganar dattijon nan ta faɗo mini. Da muka koma mota aka rufe ƙofa na ba shi amsa cikakkiya, har da yadda ake kai hari kan garuruwan da ke ƙarƙashin sarautar kanta. Muhawara ta kaure, don su ma suna da gandayen sarki da bayi suka noma, irin su Ɗorayi, ba wanda ya fita da hannu fari.

Barikin da Faransawa suka gina a kan dutse daga nesa na nuna musu, na kuma roƙe su kowa ya mayar da wayarsa aljihu, wurin soja ne. Na gaya musu nan ne babban birnin mulkin mallakar Nijar daga 1911 har 1926 da aka mayar da shi Yamai, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da aka kafa hujja da su. Har yau in ka taɓo wannan maganar a majalisar dattawa sai ka ji tsaki.

Zango a gurguje muka yi ta, rana ta take, ruwan leda ya ƙare. Na so in daɗe a kan Malam Yaro, babban attajirin da fataken hamada suke sauka a hannunsa, wanda ya yi hulɗa da Faransawa da farko, daga baya kuma sunansa ya fito cikin waɗanda aka zarga da ƙulla tawaye a 1906, shekarar da aka tuɓe Sarki Amadu Ɗan Basa aka kai shi Kodebuwa. Amma fuskokinsu sun nuna mini ciki ya fara kira. Na taƙaita cikin jimla uku muka wuce wurin abinci, dambu da zogale da naman rago.

Da la'asar na sake su a kasuwar Dole, tun da ranar cinta ce. Nan na zama tafinta tsakanin Hausa da Hausa. Mai alkaki ta ce wa wata malama “ɗari”, ta miƙa mata sefa ɗari, mai alkaki ta riƙe kayanta tana kallonta. Sai da na yi bayani cewa mu da dala muke ƙirga, dala ɗaya sefa biyar ce, ɗari a bakin ƴar kasuwa sefa ɗari biyar ke nan, jaka kuma dubu. Malamar ta ce wannan wane irin lissafi ne. Mai alkaki ta ce, “Na gidanmu ne, Hajiya.” Suka sayi kilishi da takalman fata da jakunkuna har direba ya fara ƙorafin nauyi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci suka kama hanya.

Da na zauna na yi lissafin abin da suka tara, bayan masauki da abinci da goron fada da ɗan abin da na ba yaran nan biyu, jaka huɗu suka rage. Na sayi goro da sabulu na koma Birni ranar Asabar. Na fara biyawa wurin dattijon, ya tambaye ni abu ɗaya kawai, ko an ba su ruwa sun sha. Daga nan na je gidan tsohuwar, na tsaya a waje na yi sallama sau uku kafin a ce in shigo. Ta karɓi goron, ta tambayi lafiyar ƴan matan Kano, sannan ta ce in biyo ta. Ta kai ni bayan zauren nan da muka tsaya muna yabo, ta nuna mini tsaga tun daga azara har ƙasa, hannuna yana shiga ciki. Ta ce ƴaƴanta suna son su rushe su sa bulo da kwano, ita ce take hanawa, kuma maginin da ya iya gyaran irinsa ya tsufa ba ya hawa tsani. Ta ce in zan sake kawo baƙi in aiko yaro tun da daddare a share ƙofar gida, kuma in kawo su kafin damina.